Ƙofar da Ba Ta da Ƙyaure

Ƙarfe biyun dare a hasumiya,
shayina ya huce tun ɗazu.
Fitilun titin jirgi sun jeru kamar kunyoyin dawa,
Kaduna na barci can bayan kogi,
ni kuwa ina gadin ƙofar da ba ta da ƙyaure,
ƙofar sama.

Shekaranjiya a Ifira Kawu Barau ya tare ni,
fartanya a kafaɗa, yana nuni da haɓa:
"Ke Laraba, wannan mai rurin da ke ratsa gonata,
wa ya ba shi hanya?
Akuyar Tanimu ma in ta tsallake bini-da-zuguna
sai mun je gaban mai unguwa mun sha fama."

Na ce, Kawu, ai shi ma sai da ya yi sallama.

Tun ba a haife ka ba aka zauna a Shikago,
aka rubuta, aka sa hannu:
kowace ƙasa, sararin da ke bisa kanta nata ne.
Mu lokacin tutar wasu ce ke kaɗawa a kanmu.
Sai da aka sauke ta muka sa namu hannun,
muka karɓi ƙasa,
muka karɓi rufinta kuma.

Yanzu baƙo ba ya faɗo mana kamar ƙanƙara.
Takardarsa ke riga shi isowa:
daga ina, zuwa ina, rai nawa a ciki,
man da ya sha zai kai shi awa nawa.
Can ƙololuwa har hawa an raba musu,
mai zuwa gabas ya hau mara,
cika kuwa rabon mai yamma.

Masu wucewa da Kano suke magana.
Mai sauka ne Kano ke miƙo mini
hannu biyu, yadda ake miƙa jaririn wata.
In gaya masa iska, in gaya masa titi,
ban san fuskarsa ba,
bai san ina da tari ba,
har tayarsa ta taɓa kwalta mu gama.

Ɗaya ne ba a tambayarsa tuta:
wanda ya yi kiran ceto sau uku.
Shi kowa ke kaucewa,
ko daga gidan abokan gaba ya taso,
a share masa fili, a kira masu kashe gobara,
a bar bincike sai an jima.

Abin da ban gaya wa Kawu ba shi ne
shekarar da aka rufe tsakaninmu da Nijar.
Ba a kafa ko kara ɗaya ba,
ba a ja waya ba, ba a haƙa rami ba.
Saƙo ne ya zo, 'yan layuka,
na karanta, na sa hannu a gefe.
Gwaggo Dije na Yamai da takardar asibitin ido na Mando,
ta jira, ta jira,
har yana ta rufe mata idon dama.

Ikon da ke hana a taka mu
shi ya hana ta zuwa.
Wuƙa ɗaya ce, na riƙe ta ta ƙota,
na san kuma yadda bakinta ke kama.

Kawu dai ya yi shiru, ya tofar da goro,
ya ce, "To shamuwa fa?
Bana ma ta sauka kan tsamiyata,
ban ga ta nuna wa kowa takarda ba,
kuma ita ce ke gaya mini lokacin noma."

Ban ba shi amsa ba.
Ga shi asuba ta kawo jiki,
hadari na haɗuwa ta wajen Zariya,
shamuwa bakwai na tsaye gefen titi, ƙafa a ciyawa.
Na rubuta su a littafi, na aika mota ta kore su.
Rediyo ya yi tari,
wata murya daga nesa tana neman izini.
Na gyara zama.